Akwatin Wasiƙun Goggo Tafireta

'Ya'yan yayanta ne suka raɗa mata sunan, don su bambanta ta da ɗaya goggon tasu mai ɗinki. Sunan ya bi ta har wurin aiki, ya zauna daram, har shugabannin da aka riƙa kawowa daga baya, waɗanda ta haifi wasunsu, Goggo Tafireta suke ce mata. Shekara talatin da ɗaya ta yi a ma'aikata ɗaya, a kan tebur ɗaya kusa da taga, gefen wata kabad ta ƙarfe da ba ta rufuwa sai an sa mata gwiwa. Ba ta kallon yatsunta in tana bugu, kuma ba ta buga abin da ba ta karanta ba. In shugaba ya rubuto shirme, takan mayar masa da takardarsa ta ce, "Ranka ya daɗe, a sake duba layi na uku."

Da aka kwashe tafiretoci aka kawo kwamfuta, abokan aikinta biyu suka nemi a mayar da su sashen fayil. Ita kuwa ta daina fita hutun rana na wata biyu, ta zauna da littafin da ya zo a cikin kwalin, har ta fi wanda aka turo ya koya musu. Ita ta koya wa manyan ofishin aika imel, tana tsaye a bayan kujerarsu tana cewa, "Ba nan ba, Oga. Can. Sau ɗaya ake dannawa, ba faɗa kuke yi ba."

Yayanta, wanda ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, ya daɗe yana aiki a tashar jiragen ruwa a wata ƙasa mai nisa. A da, ta gidan waya yake rubuto mata. Da ya ji an ba ta adireshin imel a ofis, sai ya koma can, duk mako sai ya rubuto, shekara goma sha huɗu. Labarin ciwon bayansa, faɗansa da matarsa, hotunan jikokinsa, tsokanar da yake mata kan gajartarta, duk suna ciki. Saura shekara biyu ta yi ritaya Allah ya yi masa rasuwa.

Ranar da ta ajiye aiki aka yi mata ɗan taro, aka ba ta agogon bango da takardar yabo a cikin gilashi. Mako guda bayan nan aka yi mata aikin gwiwa, ta kwanta mako shida. Da ta fara takawa da sanda, ta ce wa autarta, wadda kowa ke kira Auta, ta buɗe mata akwatin imel ɗinta na ofis a waya, tana son ta kwafe wasiƙun Yaya. Akwati ya ƙi buɗewa. Washegari ta sa mijinta, tsohon direban motar asibiti, ya kai ta ofis.

Jami'in da ke kula da kwamfutocin yana cikin wani ɗaki mai sanyi a ƙarshen baranda. Bai tashi ba da ta shigo, kujera ma sai da ta jawo wa kanta.

"Mama, ai tsari ne," in ji shi, idonsa a kan abin da yake yi. "Ranar da mutum ya bar aiki ake kulle akwatinsa. Bayan kwana talatin a goge."

"A goge me?"

"Duka."

"Wa ya gaya mini?"

"An aika miki sanarwa. Sau biyu ma."

"Ta ina?"

"Ta imel."

"Wane imel ɗin?"

"Na ofis."

Goggo ta jingine sandarta a jikin tebur a hankali, don ta san in tana hannunta za a samu matsala. "Ɗana, maimaita mini in ji. Kun kulle ɗaki, kun zura takarda ta ƙarƙashin ƙofa cewa za ku ƙona ɗakin, sannan kuna mamakin ban karanta ba?"

"Ba ni na yi tsarin ba, Mama."

"Na sani. Ni na buga shi a takarda, shekara tara da suka wuce. Babu kwana talatin a ciki. Wa ya ƙara?"

Bai sani ba. Shugaban sashe ma bai sani ba, sai haƙuri yake bayarwa yana duba agogo. Ta hau bene har hawa na biyu da sabuwar gwiwarta, babban shugaba ya ce zai sa a bincika. Har yau ana kan binciken.

A mota ba ta yi kuka ba, faɗa ta yi, tun daga ƙofar ma'aikata har gida. Mijinta yana tuƙi yana cewa, "Haka ne, Goggon yara. Wallahi haka ne," don shekara arba'in sun koya masa lokacin da ba a sa baki.

Auta ta zo da yamma da niyyar lallashi. "Umma, ki bari in buɗe miki na kyauta, irin wanda kowa ke da shi. Minti biyu ne."

Ta yarda, har aka kai wurin da ake danna an amince. Auta ta kai yatsa, Goggo ta buge hannun. Ta sa tabarau ta karanta sharuɗɗan tun daga sama har ƙasa, kusan awa guda, Auta tana hamma. Can ta ɗago.

"Kin ga nan? Sun ce suna da ikon rufe akwatin a duk lokacin da suka ga dama. Ke kin karanta kafin ki amince da naki?"

"Umma, ba mai karantawa."

"Shi ya sa ake muku yadda ake so. Ba na so."

Mijin Auta yana zaune a bakin ƙofa kansa a sunkuye, yadda ya saba zama a gaban surukarsa. Aikinsa ja wa ofisoshi da gidaje wayar intanet, a gidan kuma Injiniya ake ce masa, ko da yake shi bai taɓa kiran kansa haka ba. Ya yi gyaran murya ya ce, a ladabce, ai mutum yana iya ajiye nasa injin wasiƙun a gida, abin da suke kira saba. Kwamfuta ce kawai da ake bari a kunne, ta karɓi wasiƙu ta ajiye, ba mai goge komai sai mai ita. Da ya san abin da zai biyo baya, ya ce daga baya, da ya haɗiye maganar.

Cikin mako aka sauke wata tsohuwar kwamfuta daga saman kabad ɗin ɗakin baƙi, aka kaɗe ƙura, aka ɗora ta a kan teburin guga a ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin. Injiniya ya so ya haɗa komai da kansa a yini ɗaya. Goggo ta ce a'a, ita za ta yi, shi dai ya faɗa. Abin da wani ya haɗa mata, wani zai iya kwance mata.

Haka aka yi Asabar huɗu a jere. Yana tsaye daga baya yana karanto umarni, ita tana bugawa a kan baƙin allo mai fararen haruffa, kafin ya rufe baki ta gama. Duk layin da ta buga sai ta tambayi abin da yake yi, ta rubuta a littafinta mai waya a sama, irin na sakatarori. Sau ɗaya injin ya ƙi tashi, Injiniya ya yi ta gumi yana neman dalili, ita ta bi layukan da yatsa ta ce, "Nan ka ce in sa waƙafi. A samfurin da ka nuna mini ɗigo ne." Ɗigon ne kuwa.

A Asabar ta uku aka zo maganar suna.

"Umma, yanzu saura domen," in ji shi. "Wato sunan da ke zuwa bayan alamar nan mai kama da kunne. Shi ne yake nuna wa sauran injinan duniya inda za su kawo wasiƙa. Sai an yi rajistarsa."

"To a yi mana. A saya, a ba ni takarda in ajiye."

Ya sosa ƙeya. "Ba a sayarwa gaba ɗaya. Shekara-shekara ake sabuntawa. In mutum ya yi sake wa'adi ya wuce, wani zai iya ɗauka."

Ta cire tabarau ta juyo da kujerar gaba ɗaya, abin da ba ta cika yi a gabansa ba. "Haya kenan. Sunan gidanmu zan karɓa haya a hannun mutanen da ban taɓa gani ba. In na sake kwanciya asibiti mako shida, in tashi in tarar wani yana karɓar wasiƙuna da sunan ubana."

"Sukan aiko da sanarwa kafin..."

"Ta imel ko?"

Ya dai bayyana mata gaskiya: ba tare da rajista ba, tana iya sa wa injin duk sunan da ta ga dama, amma iyakarsa cikin gidan nan, ga wanda ke kan intanet ɗin gidan. Ta ce ya ishe ta farawa. Ta buga suna: gida. Ta buɗe wa kanta akwati, ta buɗe wa mijinta, da Auta, da Injiniya, da wata nas da ke haya a ɗakunan baya.

Wasiƙar farko mijinta ta aika wa, yana falo yana sauraren rediyo. Layi biyu ne, tana tambayarsa ko ya sha maganin hawan jininsa. Wayarsa ta yi ƙara. Aka ɗan jima, sai ga muryarsa ta bango: "Na sha!"

"Rubutowa za ka yi!"

"Ga ki nan ina jin numfashinki, in rubuto me?"

Sai da ta tsaya a kansa ya rubuta, da yatsa ɗaya, minti biyar. Da amsar ta bayyana a gabanta, ta daɗe tana kallon ta.

Fitina ta fara ne da ta so aika wa matar Yaya a can ƙasar. Ta rubuta wasiƙa shafi guda, ta danna, wasiƙa ta zauna a layi yini biyu ba ta motsa ba. Injiniya ya duba ya ce kamfanin da ke ba su intanet ne ya toshe hanyar da injinan wasiƙa ke bi, ƙofa ta ashirin da biyar ake ce mata, haka suke yi wa gidaje. Goggo ta ɗauki sanda da littafinta.

A shagon kamfanin ta ja lamba ta zauna, aka kira ta wajen wata mata mai fara'a a bayan gilashi.

"Ina son ku buɗe mini ƙofa ta ashirin da biyar."

Matar ta leƙa bayanta, wajen ƙofar shiga. "Hajiya, ƙofa ɗaya ce da mu."

Sai da aka kira wani daga ciki. Shi ya gane, ya kuma yi mamaki har ya kasa ɓoyewa. Ya ce saboda masu aika saƙonnin damfara ake toshewa.

"Kalle ni da kyau," in ji Goggo. "Na yi maka kama da 'yar damfara?"

"A'a, Hajiya, ba ke ba. Kowa ne."

"Wato kun rasa gane ɓarawo, sai kuka kulle duk unguwa."

Ya ce sai dai ta koma tsarin 'yan kasuwa. Ta ce ba ta sayar da komai, matar yayanta take son gaisarwa. Bayan zuwa uku da takardar koke da ta buga da kanta, wadda manajan ya ce bai taɓa ganin mai tsabtarta ba, aka buɗe mata, wataƙila don su huta.

Wasiƙa ta fita, cikin daƙiƙa kaɗan ta dawo. Injin da ke can ya ƙi karɓa, ya haɗo da dalili: bai san wani wuri mai suna gida ba. Injiniya ya gwada dabarar sa lambar intanet ɗin gidan a madadin suna, ita ma aka dawo da ita, wai lambar ta gidan zama ce, ba a yarda da irinta ba. Goggo ta kwafe duk amsoshin a littafi, tana ja musu layi da jan biro kamar za ta kai ƙara.

"Shekara talatin da ɗaya ina aika wasiƙa da sunan wasu, ba a taɓa dawo mini da ko ɗaya ba," ta ce wa mijinta. "Yau na aika da nawa, an ce ba a san ni ba."

"Ki yi rajistar mana ki huta, Goggon yara."

"Kai ma?"

Ya koma wa rediyonsa.

Injiniya ne ya samo mafita, bayan ya yi mako biyu yana kauce wa gidan. Ya ce tunda wasiƙa ba za ta fita ba, sai a shigo da mutanen. Akwai wata keɓantacciyar hanya da ake haɗawa, wadda in an sa wa mutum a wayarsa, ko yana wace ƙasa, injin zai ɗauke shi kamar yana zaune a falon gidan. Sai a buɗe masa akwati a nan. Wannan ya yi wa Goggo daidai. Aka haɗa wa matar Yaya ta waya, 'yarta tana taya ta daga can, aka haɗa wa babban ɗan Goggo da ke aiki a wani gari.

Aibinsa ɗaya. Duk sanda aka ɗauke wuta har batir ya ƙare, na'urar intanet ɗin gidan ta mutu ta tashi, lambar gidan sai ta canza, na nesa su kasa shiga. Aikin ya faɗa kan maigidan: da wuta ta dawo, zai sa tabarau ya karanto sabuwar lambar, ya tura wa kowa ta saƙon waya. Ya riƙi aikin da muhimmanci fiye da yadda aka zata, har yana faɗa in wani ya riga shi.

Auta ce ta kasa haƙuri. "Umma, don Allah ki duba. Baba yana tura musu lamba ta waya don su shigo su karanta wasiƙa. Me zai hana a tura musu maganar ta wayar kawai?"

"Wayar ta wa ce?"

"Tawa mana."

"Abin da ke ciki fa? Ranar da masu kamfanin suka ga dama su rufe, ki je ki yi musu bayani."

Wannan gardamar ba ta yi zafi ba. Wadda ta yi zafi ta zo ne bayan wata uku, da Goggo ta lura akwatin Auta da na babban ɗanta sun yi shiru. Ta tambaya, aka yi ta kwana-kwana. Daga ƙarshe Auta ta faɗa, a tsaye a ƙofar ƙaramin ɗakin, tana wasa da gefen mayafinta: mijinta ya ce mai injin yana iya buɗe akwatin kowa ya karanta. Ita Auta da yayanta kuwa akwai maganganun da suke yi.

Goggo ta juyo ta kalli Auta ido cikin ido.

"Ni?" ta ce. "Ni kuke zargi? Na buga takardar korar mutum yana zaune a gabana yana ba ni labarin auren 'yarsa, ban ɗaga ido ba. Na san albashin kowa a ma'aikatar nan, na san wanda ke neman matar wani, ubanki da muke kwana ɗaki ɗaya bai taɓa jin ko ɗaya ba. Ku tambaye shi! Kun yarda da mutanen da ba ku san fuskarsu ba su riƙe muku sirri, uwar da ta haife ku ce abin tsoro?"

"Umma, ba cewa muka yi kin karanta ba. Cewa muka yi za ki iya."

"Zan iya buɗe jakarki ma, ga ta can a kan kujera. Na taɓa?"

Auta ta ba da haƙuri har da hawaye, Injiniya ya zo ya durƙusa ya ce laifin bakinsa ne. Goggo ta ce ya tashi, gaskiya ya faɗa, ita ma da ita ce sai ta tambaya. Amma kwana uku ba ta amsa gaisuwar Auta da fiye da kalma biyu ba. A rana ta huɗu ta kira Injiniya ta ce ya nuna mata yadda ake kulle wasiƙa ta yadda ko mai injin ba zai iya karantawa ba. Ya ce akwai, amma da wahala. Ta koya, ta buga bayanin a shafi biyu, ta ba kowa kwafi. Ba wanda ya yi amfani da shi. Yaran sun ci gaba da maganarsu ta waya, sukan dai leƙo akwatin gida su ajiye gaisuwa da hotunan jikoki, don a zauna lafiya.

Yanzu shekara ta uku kenan injin yana kan teburin guga, guga kuma ta koma kan gado. Akwati tara ne a ciki, uku ne ke aiki sosai. Matar Yaya tana rubutowa duk mako, doguwar wasiƙa, rabinta ƙorafi kan surukarta. Nas ɗin da ke haya tana ajiye takardun karatunta a nata. Na ukun na wata tsohuwar abokiyar aikin Goggo ce, wadda za ta yi ritaya a ƙarshen shekara. Goggo ce ta je har gida ta same ta, ta zaunar da ita, ta sa ta kwashe duk abin da yake nata daga akwatin ofis tun da sauran lokaci. Matar ta gaya wa wasu biyu, su ma sun ce suna tafe.

Injiniya ya ce in mutane suka ƙaru, tsohon injin ba zai ɗauka ba, fankarsa ma ta fara kuka. Goggo ta ce ya rubuto mata sunan fankar da girmanta, za ta shiga kasuwa da kanta ranar Litinin, tunda dai ta ga yadda ake kwance murfin.